Kada a Wanke Mini Kwanon Buba

Ranar wata Asabar jikata Rukayya ta shigo rumfata da ƙawarta Nusaiba, kowacce da waya a hannu, suka ce sun yanke shawara. Wai za su fara sana'ar dafa abincin marasa lafiya, irin tawa, amma ta zamani: a kira su a waya, su dafa, ɗan acaɓa ya kai har bakin gado. Na tambaye su me suka sani game da aikin. Rukayya ta ce, "Haba Inna, ai kunu ne da farfesu. A rage yaji, a rage gishiri, shi ke nan." Na tura musu benci na ce su zauna, tunda ba su da aikin yi sai latsa waya. Ga abin da na gaya musu.

Wannan rumfar da kuke gani a bayan katangar asibiti, tun uwarki tana goye a bayana, Rukayya, nake hura wuta a cikinta. Ba ni na kafa ta ba. Ta Iya Ladi ce, wata doguwar Bagwariya mai ɗaukar tulu a kafaɗa, wadda ta yi ƙuruciyarta tana girki a wani asibitin mishan can kudu kafin ta dawo Birnin Gwari. Na zo wurinta neman aikin wanke-wanke. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A nan ba a wanke kwano sai na gani. In kin wanke kafin na gani, ki tafi gidanku." Na zaci rowa ce, ko tana tara ragowa ne ta ba kaji.

Damina ta zo ta wuce ban taɓa tukunya ba. Aikina shi ne in shiga ɗakunan marasa lafiya in kwaso kwanoni, kowanne da murfinsa, kowanne da zare mai launi a ɗaure a hannun murfin don a san mai shi. In jera su a gabanta, in buɗe ɗaya bayan ɗaya, in faɗi abin da na gani. In na ce "an ci" ko "ba a ci ba," sai ta ƙwanƙwashe ni da ludayi. Ta ce ko makaho ya san wannan. Wanda ya shanye romo ya bar nama, ko haƙori ne ko haɗiya ke masa wuya, gobe a daka masa naman. Wanda ya juya abinci ya juya bai kai baki ba, ƙamshin ne ya tayar masa da zuciya, gobe a kai masa da ɗan sanyi ba mai tururi ba. Wanda ya ci daga gefe ɗaya ya bar rami ƙarami, hannunsa ne ba ƙarfi, yana bukatar mai ba shi. Wanda kuwa kwanonsa ya dawo tas, har da sawun yatsa a gindi, to wannan Iya Ladi takan ce, "Je ki gano mini wane mai lafiya ne ya ci abincin marar lafiyata."

Kayan aikin ma ba irin na gidanku ba ne. Wancan ƙaramin turmin da ke rufe da ƙyalle, tunda aka sassaƙa shi barkono bai taɓa shiga cikinsa ba, kuma ranar da ya shiga ya tashi daga aiki, don itace ba ya mantuwa da yaji. Rariyata biyu ce, ta gari da ta laushi. Matacin farin ƙyalle kullum sai an tafasa shi. Tukunyar ƙasa ita ke dafa romon masu ciwon ciki, don ba ta kama ƙasa da sauri kuma ba ta sa wa abinci warin ƙarfe. Gishiri da ɗan murfin kwalba nake auna shi, ba da tafin hannu ba, saboda hannun mace yana da tausayi, kullum sai ya ƙara. Duk waɗannan na gaje su ne daga Iya Ladi ranar da ƙafafunta suka gaza, ta koma wajen ɗanta a ƙauye.

Masu sayen abincina kuwa ba masu yabo ba ne. Mai tuwo-tuwo ta bakin tasha ana ce mata hannunta da daɗi, ni abin da nake ji kullum shi ne, "Inna Tasalla, abincinki salam." Akwai wani Alhaji mai hawan jini, dillalin masara, da likita ya hana shi gishiri da yaji. Kullum kwanonsa sai ya dawo da ɗan ja-ja a bakinsa. Na shiga na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ashe matashin kanka yana fitar da yaji?" Ya yi dariya har da tari, ya zaro ƙullin leda daga ƙarƙashin filo ya miƙo mini. Daga ranar na koma sa masa daddawa da ɗan citta kaɗan don bakinsa ya samu abin kamawa. Ya yi ta mita har aka sallame shi, amma da ƙafarsa ya fita.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da ba na so a maimaita. Kun san ta, ko da yake kuna yara: shekarar da daji ya gagari kowa. Hanyar Kaduna ta zama sai an tara motoci an samu rakiyar jami'an tsaro kafin a bi, wani lokacin a yi ta jira ba a tashi ba. Mutanen Tabanni da na ƙauyukan gefen daji suka baro gonaki suka cika gari. Makiyayan da muka saba da su, waɗanda matansu ke kawo mini kindirmo tun da sassafe, aka kwashe wa wasu shanu, sauran suka kaɗa abin da ya rage suka yi kudu. Ƙwan gidan gona da ake kawowa daga Kaduna ya ɗauke. Asibiti kuma ya cika maƙil, har baranda. A wannan shekarar ce aka kawo Buba.

Sista Hanne ce ta zo da kanta har rumfa, ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a ɗakin maza a lokacin, mace mai kaifin baki da kirki. Ta ce, "Inna Tasalla, na kawo miki aikin da ba ki taɓa yin irinsa ba, ni ma ban taɓa gani ba sai a littafi." Ta ce wani Bafillace ne, magidanci, bai wuce sa'ar ɗana na biyu ba. Ya shekara da shekaru yana fama da gudawa mai jini, ta zo ta tafi, ana ta ba shi jiƙon basir a ruga. Daga baya ciwon ciki da amai suka haɗu masa, ya rame, ƙafafu kuma suka kumbura. Da aka kai shi babban asibiti a Zariya, likitoci suka zura masa siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro suka leƙa. Suka tarar fatar cikin tumbinsa ta yi kauri, ta ninku ta hau kan juna kamar tumbin sa da mahauci ya juya. Irin wannan fatar ba ta aikin da aka halicce ta dominsa, sai zubar da yauƙi, kuma tare da yauƙin take kwashe sinadarin gina jiki daga jininsa. Shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafafunsa. Gudawar kuma ba basir ba ce, kumburin babban hanji ne mai daɗewa. Likitan ya ce ciwon tumbin nan ba kasafai ake ganinsa ba, kuma akan samu wanda ya haɗa shi da wannan ciwon hanjin, Buba yana cikinsu.

Na ce, "To Sista, ni ina ruwana da bututu? Me zan dafa?"

Ta ce, "Abinci ba zai warkar da shi ba, tiyata za a yi masa a cire wurin da ya lalace. Amma sun ce in aka yanka shi a haka, ɗinkin ba zai kama ba. Sun ba shi magunguna, sun maido mana shi kusa da gida ya yi ƙarfi tukuna. Magani namu ne, abinci naki. Abin gina jiki yake bukata, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. In ƙafafun nan suka saɓe, zai koma Zariya. In ba su saɓe ba, ke ma kin san sauran."

Ranar farko na yi masa kunun shinkafa mai laushi, na kaɗa farin ƙwai a ciki tun yana kan wuta har ya ɓace, yadda ido ba zai gan shi ba balle zuciya ta tashi. Ƙwan na zabi ne, gida-gida na bi a unguwarmu ina roƙon mata su sayar mini kada su kai kasuwa. Da hantsi awara, amma ba wadda kuka sani ta soyawa da yaji ba. Ina da ragowar buhun waken suya na bara, na jiƙa, na cire ɓawon tas, na markaɗa, na tace, na haɗa ta da taushi, na turara. Da rana busasshen kifi, na zauna na tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya da farce, na daka shi a turmin nan har ya zama gari, na zuba a romon kabewa. Ba mai, ba tsami, ba barkono, gishiri a bakin murfi. Kowane zubi bai fi cikin ludayi biyu ba. Na ɗaura wa kwanonsa koren zare.

Mai jinyarsa wani dattijo ne siriri, ana ce masa Baffa Sambo, da sanda da malfa da carbi, ba ya magana sai ta kama. Shi ke zuwa ya karɓi kwano, shi ke maido shi. Kwanon farko ya dawo a wanke, yana ƙyalli. Na ce, "Baffa, ni ba a wanke mini kwano. Yadda ya bar shi haka za ka kawo." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ai da kunya a maido wa mutum kwano da datti." Na ce kunyar tawa ce, na yafe. Washegari ya kawo shi ba a wanke ba. Na buɗe, na ga an cinye tas, ga sawun yatsa a gindi, an side har gefe.

Mutumin da tumbinsa ke ƙin abinci ba ya siɗe kwano. Ko yana so ba zai iya ba. Na tambayi dattijon, "Ya ci?" Ya ce, "An ci, Inna. Allah ya saka." Ban san inda matsalar take ba tukuna, kuma dattijo irin wannan ba a tuhumarsa a tsaye. Shi dai ba shi ke ci ba, don kullum ƙara shigewa yake cikin rigarsa. Kwana biyu haka, sai ga Sista Hanne ta dawo ranta a ɓace. Ta ce ta danna ƙafar Buba da yatsa, ramin ya zauna kamar a cikin ƙullu, ruwan ma ya fara haurawa cinya. Ta ce, "Ni ina ganin kwano yana fita ba komai, na ɗauka yana ci. Gadaje sun yi mini yawa, Inna, ba zan iya tsayawa a kansa ba."

Da azahar na ɗauki kwanon da kaina na shiga. Tun a baranda wani ƙato ya tare ni, manomi daga Kazage da ke jinyar ƙanensa mai karaya a gadon da ke kusa da na Buba. Kumatunsa har sheƙi suke yi a shekarar da kowa ke ramewa. Ya washe baki ya ce, "Inna, ke ce mai koren zare? Wallahi romon kifin nan naki, da za ki ƙara ɗan gishiri da ba a magana." Na ce masa Allah ya ƙara lafiya, da alama tana ƙaruwa. Ya ce ai ba laifinsa, dattijon ne ke miƙo masa kullum ya ce marar lafiya ya ƙoshi, kada abinci ya lalace.

Na shiga na ga yadda suke. Buba yana kwance ya juya fuska bango, ƙafafunsa a kan filo, fatar ta miƙe tana ƙyalli. Baffa Sambo yana zaune a kan buzu daidai ƙafar gadon, sanda a kan cinya, ba ya matsawa ko nan da can. Na ajiye kwano na buɗe. Na ga maƙogwaron Buba ya motsa. Dattijon ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ga abinci." Buba ya ce da bango, "Na ƙoshi." Na tambayi dattijon, "Baffa, ɗanka ne?" Ya ce, "Yaron gidanmu ne." Bai kama sunansa ba. Nan na fara ganewa, mutumin Kazage kuma ya ƙarasa mini a waje: ba ɗansa ba ne, mijin 'yarsa ne. Mahaifin Buba ya rasu, 'yan'uwansa maza sun bi ragowar shanu kudu, matarsa na ɗanyen jego, kuma ɗakin na maza ne. Babu namijin da ya rage sai surukinsa.

Ku 'yan gari ne, ba lalle ku san nauyin wannan ba. Bafillace ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ba ya ci, ko da yunwa za ta kai shi ƙasa. Shi kuma dattijon yana ganin in ya tashi daga gefen gado ya yi sakaci da amanar 'yarsa, ga gari cike da mutanen da a shekarar suke wa kowane mai sanda da malfa kallon banza, bai san inda zai je ya zauna ba. Ya san abin da ke hana yaron ci, yaron ya san ya sani, kuma ba wanda zai iya furtawa. Kowa yana girmama ɗan'uwansa, mutum kuma yana mutuwa a tsakani. Shi kansa dattijon ba ya ci a gaban yaron, sai ɗan ruwa da goro a bakin famfo.

Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, ba zan ɓoye muku ba, ƙwan zabin da na bi gida-gida na tara ya tafi kumatun mai lafiya. Na so in shiga in ce, "Baffa, tashi ka fita ya ci." Amma da na faɗi haka, na tsiraita su duka biyun a gaban ɗaki guda. Dattijon zai fita, Buba kuma ba zai taɓa kwanon ba, don an riga an nuna shi da yatsa cewa shi ne wanda aka kori surukinsa saboda cikinsa. Da na gaya wa Sista Hanne, ta ce za ta iya kafa doka ta ce likita ya hana masu jinya zama, amma tana tsoron su naɗe buzu su koma daji. Na ce ta ba ni zuwa la'asar.

A lokacin ina da wata jar akuya a ɗaure a bayan rumfa, tana cin ɓawon wake da dusar awara, ta yi ɓul-ɓul, lafiyarta ta fi ta kowa a unguwar. Da la'asar na shiga da kwano, na durƙusa na gaida dattijon, na ce, "Baffa, ina da wata damuwa da ta fi ƙarfina. Akuyata ce. Kwana biyun nan ban gane mata ba. Mu mutanen gari ba mu san dabba ba sai a tukunya. Ko za ka taimaka ka duba mini ita?"

Ya ce, "Me take yi?"

Na ce, "Tana dai tsaye tana kallona."

Ya dube ni, ya dubi kwanon da ke hannuna, ya dubi bango. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Irin wannan ciwon yana son a riƙa dubawa a kai a kai."

Na ce, "Abin da nake tsoro ke nan. Ni dai duk sanda na baro rumfa, hankalina ba ya kwanciya."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Sista Hanne ta turo mana labulen nan mai taya da ake kewaye gado da shi. Na ajiye kwanon kusa da hannun Buba, na fito bayan labule, na zauna a ƙasa na ba shi baya, don ni ma sa'ar uwarsa ce, ba zai ci ina kallo ba. Na kori mutumin Kazage ya je ya sha iska. Shiru, shiru, har na fara cewa a raina an yi asarar dabara. Can sai na ji cokali ya taɓa kwano. Na shekara da shekaru ina jin ƙarar cokali, ban taɓa jin wadda ta yi mini daɗi kamar wannan ba. Da na karɓi kwanon, cokali uku ko huɗu ya ci, daga gefe ɗaya, ya bar sauran. Wannan shi ne cin marar lafiya na gaskiya.

Da na koma rumfa na tarar da dattijon a tsugune gaban akuya, ya buɗe mata baki yana duba haƙora da gaske. Kafin in fita na bar wani kwano a rufe a kan turmi, tuwo da miyar kuka, ban ce na kowa ba ne. Na same shi ba komai a ciki, an wanke an kife. Wannan ban yi faɗa ba. Ya miƙe ya ce, "Akuyar nan sai an yi haƙuri da ita, Inna. Ba ciwon kwana ɗaya ba ne."

Haka muka yi ta yi har kaka ta shigo. Ina shiga da kwano, yana ɗaukar sanda. Ba a taɓa duba akuya a ƙasar Birnin Gwari kamar yadda aka duba wannan ba. Ya yanke mata kofato, ya cire mata kaska, ya canja mata turke. Ni kuma ina karanta kwanon Buba ina gyara. Na ga yana barin awara in ta kwana, na koma yin sabuwa kowace safiya. Na ga ya fi cin abin da ya huce, na daina kai masa da zafi. Baffa Sambo ya samo mana ɗan kindirmo wajen wata 'yar'uwarsu da ta rage a gefen gari, muka gwada cokali biyu, cikinsa ya karɓa. Akwai makon da ciwon hanjin ya taso, jini ya dawo, kwano ya riƙa dawowa kusan yadda ya tafi. Likita ya canja magani, ni kuma na janye kindirmo da kabewa, na koma ruwan shinkafa da farin ƙwai da romon kaza da aka tace, har abin ya lafa. A makon ne kazata ta ƙarshe ta tafi. Sannu a hankali ramin cokali ya riƙa faɗaɗa. Wata safiya Sista Hanne ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Inna Tasalla, na ga idon sawunsa."

Da aka samu ranar da motoci za su tashi da rakiya, aka sa Buba a gaba don komawa Zariya, dattijon a baya da buzunsa. Na cika musu kula da kunun shinkafa, na ce wa direban in an tsaya a hanya ya nemi Baffa ya taya shi duba taya. Daga nan ban sake jin labarinsu ba. Haka sana'ar take: ka yi wata da watanni kana sanin cikin mutum fiye da matarsa, ya tafi, ba ka san ko ya kai ba. Koren zaren dai ban ɗaura wa kowa ba.

Sai bayan babbar sallah ta shekarar da ta biyo baya, ina tsince ƙayar kifi, na ji sallama. Baffa Sambo ne, da ƙwaryar kindirmo a hannu, bayansa wani dogon mutum siriri cikin shuɗiyar riga, da takalmin roba a ƙafa. Takalmin na fara dubawa. Ƙafar da na sani ba ta shiga takalmi. Buba ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an yi aikin, an cire masa yawancin tumbin, yana shan maganin hanji kullum, yana komawa Zariya ana duba shi, kuma har abada kaɗan-kaɗan zai riƙa ci. Amma ya koma bin shanu.

Na zuba romon kifi da kabewa a kwanon nan mai koren zare, na ajiye a gaban Buba. Dattijon ya gyara malfa ya ce, "Inna, yaya jikin akuya?"

Akuyar tun kafin sallah na sayar da ita. Na ce, "To, Baffa, ka dai san ciwon nata."

Ya ɗauki sanda ya zagaya baya. Ina hango shi ta ramin zana, yana tsaye a gaban turken da ba komai, ya harɗe hannuwa a kan sanda, ya ba mu baya. Ni ma na juya na ci gaba da tsince ƙaya. Da Buba ya miƙo kwanon na buɗe. Ya ci fiye da rabi, a tsanake, ya bar sauran a gefe, ba sawun yatsa. Na ciyar da masu kuɗi da masu sarauta a asibitin nan, an maido mini kwanoni tas ba adadi, amma ba wanda nake alfahari da shi kamar wannan da aka rage. Dattijon ya dawo, ya saci kallon kwanon a hannuna, ya ce, "Inna, akuyar nan ta warke."

To kun ji kunu da farfesu. Yanzu ku ajiye wayoyin nan, azahar ta yi, ku shiga ɗakin maza ku kwaso mini kwanoni, kowanne da murfinsa. Wadda ta wanke ko ɗaya kafin na gani, ta tafi gidansu.